Idon Hagu na Kawu

Ranar da Kawu ya rasu, matan zumunta na cocin unguwarmu ne suka fara shigowa gaisuwa bayan an dawo daga maƙabarta. Tun daga kwanar layinmu na Durumi aka hango su, domin sun sako ankonsu mai shuɗin nan da ke shiga ido kamar fitilar babbar mota. Suka cika tsakar gida, suka zazzauna a tabarma kusa da Umma, matar Kawu. Shugabarsu, wadda muke kira Maman Zumunta, mutuniyar Filato ce mai shagon ɗinki a bayan gidanmu. Ta riƙe hannun Umma ta ce, "Hajiya, sannu. Baba ya tafi. Wannan kaya da kin gani, shi ya zaɓa mana kala. Daga baya ya zo ya ce wai mu yafe masa, ya yi kuskure. Mu mun ce ba za mu canja ba. Yau ma don shi ne muka sa."

Umma ta ce, "Na gode, Allah ya bar zumunci." Ba ta ɗaga kai ta dubi shuɗin ba.

A waje, wajen zaman maza, Yaya ne yake karɓar gaisuwa, shi ne babban ɗan Kawu. Ya ba ni labari daga baya cewa wani mai fenti ya gangaro daga Mpape da kayan aikinsa a jiki, ya durƙusa yana ta maimaita "Oga na, oga na", ya kasa ƙara komai. Wani Bakatsine mai sayar da atamfa ya ce shekara da shekaru bai taɓa jera kaya a shagonsa ba sai marigayi ya leƙo ya ce wannan ta matsa kusa da waccan. Sai kuma wasu samari masu zane a kwamfuta, da jakunkuna a baya, waɗanda babu wanda ya san su a gidan. Ɗayansu ya tambayi Yaya a hankali, "Don Allah, wanda ya rubuta manhajar kala ɗin nan, ɗansa ne ko shi marigayin?" Da aka ce masa marigayin ne, kuma ya haura saba'in, sai ya ce, "Wallahi mun ɗauka sa'anmu ne."

Wannan tambayar ce ta sa na zauna rubutun nan. Idan tun ranar jana'iza ana tambayar wanda ya yi aikin, nan da 'yan shekaru za a ce daga sama ya faɗo. Ni 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi, kuma ina gefensa aka yi komai. Ba zan bari a manta ba.

Kawu mai zanen atamfa ne a wata masaƙa a Kaduna. Da masaƙar ta rufe, bai zauna jiran a buɗe ba. Ya tattaro iyali ya taho Abuja, ya buɗe ɗan shagon zane da ɗab'i a Durumi: katin biki, allon shago, kalanda, da zaɓar wa mutane kalar anko ko ta fentin gida. Mutum ne da launi yake hana shi sukuni. Idan ya je gidanka ya ga labule ya saɓa da kujera, zai gaishe ka lafiya lau, amma zai juya wa labulen baya har ya tashi. Na sha ganinsa a kasuwa ya tsaya gaban mai kayan miya yana raba masa tumatir da tattasai, yana sa koren ganye a tsakani. Yaya kuwa, sau nawa ana mayar da shi ɗaki daga bakin ƙofa ranar Juma'a. Kawu zai ce, "Koma ka canja hula. Wannan da rigarka ba sa ga maciji."

Yana da maganganunsa da duk gidan muka haddace. Yakan ce launi ba ya zaman gwauro, kowanne yana da abokin wasa. Abin da yake nufi shi ne, idan ka jera launuka a da'ira, kowane launi yana da wanda ke fuskantarsa daga ɗaya gefen: shuɗi da ruwan goro, ja da kore, shunayya da ruwan ɗorawa. Ya ce su kamar taubasai ne, suna tsokanar juna amma ba sa faɗa, kuma kowanne ya fi fitowa idan ɗan'uwansa yana kusa. Ƙarfin launi kuwa gishiri yake ce masa. "Rage wa jan nan gishiri," in ji shi, ko kuma, "Wannan koren lami ne."

Lokacin da na gama karatun kwamfuta na dawo gida neman aiki, aikin ya ƙi samuwa, sai na riƙa zama a shago. Wata rana na nuna masa, don burgewa kawai, cewa a cikin kwamfuta kowane launi lamba ce, kuma da 'yan layuka na umarni za a iya ce mata ta tsallaka rabin da'ira ta kawo abokin wasan kowane launi. Na zaci zai ce na'ura ba ta da ido. Sai ya jawo kujera ya gyara tabarau ya ce, "Sake yi in gani." Na sake. Ya ce, "To koya mini. Ba nuna mini na ce ba."

Na koyar da mutane da yawa bayan nan, amma ban taɓa samun ɗalibi mai taurin kai da naci irin Kawu ba. Da yatsa ɗaya yake bugawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Idan ya manta waƙafi ɗaya manhajar ta ƙi tashi, sai ya harari allon ya ce, "Ke kin fi tsohon manajanmu na masaƙa tsanani." Idan na miƙa hannu zan gyara, ya buge hannun. "Ke da kika sani, zauna. Ni da ban sani ba, ni zan nemo." Kuma sai ya nemo, ko da zai ci wuni guda.

A haka ya gina manhajarsa. Kana ba ta launi ɗaya, ko ka ɗauki hoton ƙyallen da amarya ta kawo, sai ta fito maka da abokin wasansa, da maƙwabtansa biyu, da launin da zai zauna a baya, da wanda za a yi rubutu da shi. Lissafin da'ira kowa zai iya samunsa a littafi. Abin da ya sa ta Kawu ta fita daban shi ne gyaran da ya bi launuka ɗaya bayan ɗaya ya yi da idonsa: wannan a ƙara masa haske, wancan a rage masa gishiri, saboda abin da ya yi kyau a allon kwamfuta ba lallai ya yi kyau a jikin shadda ba, ƙarƙashin ranar Abuja. Ya sa na ɗora ta a intanet kyauta. Na ce masa mutane za su kwashe masa sana'a. Ya ce, "Su kwasa. Na gaji da ganin gidaje masu ciwon ido a garin nan."

Abin da babu wanda ya sani a lokacin, har shi kansa, shi ne yanar ido ta riga ta fara rufe masa idanu biyu. Yanar ido ba ta zuwa da sallama. A hankali take sa duniya ta yi ruwan ɗorawa, shuɗi ya dushe, fari ya koma kamar madara. Mu dai mun lura shuɗin da manhajar ke fitarwa ya cika tsawa, amma wa zai ce wa Kawu bai san shuɗi ba? Sai da ya fara kasa gane fuskar mutane daga nesa aka kai shi asibiti. Likita ta ce za a yi wa idon dama aiki, idan ya warke a yi na hagu.

Ina tare da shi da safen da aka cire bandejin. Ya buɗe idon a hankali, ya dubi hijabin da ke jikina ya daɗe, sannan ya ce, "Wannan shi ne wanda kike sawa kullum?" Na ce shi ne. Ya rufe idon dama da tafin hannu ya duba da na hagu, ya buɗe, ya sake rufewa. A hanyar dawowa muka biyo ta gaban wata makarantar yara da aka yi wa fenti da kalar da ya zaɓa. Ya ce wa direba ya tsaya. Ya leƙa ta taga ya dubi katangar, ya ce, "Inna lillahi. Ni na yi wannan?"

Wani zai yi shiru ya gyara manhajar a ɓoye. Kawu kuwa, ko sati bai cika ba ya sa baƙin tabarau ya fara bin mutane gida gida. Ya hau har Mpape, ya bi 'yan hanyoyin ƙafa tsakanin duwatsu ya sami mai fentin nan, ya ce masa shuɗin da na riƙa ba ka ya yi gishiri da yawa, laifina ne, idan wani ya yi ƙorafi ka turo shi wurina. Ya je wurin Maman Zumunta. Ita ce ta ba shi amsar da ya riƙa maimaitawa yana dariya har ƙarshen ransa. Ta ce, "Baba, ka bar mana kayanmu. Idan mun je babban taro, ko daga ina mace ya ɓata, zai hango mu. Ba mu taɓa rasa mutum ba tun da mun fara sa shi."

Gyaran shuɗin bai ɗauke shi dogon lokaci ba, tunda yanzu yana da ido mai kyau. Muka ɗauka an gama, saura a koma a yi wa na hagu aiki. Sai ranar da za a koma ta zo, Kawu ya ce ba ya zuwa.

Dalilinsa wani katin biki ne da aka kawo shago a matsayin samfuri, an yi rubutun da ruwan zinare a kan takarda ruwan madara, irin wanda 'yan mata suke so. Da idon dama ya karanta shi tsaf. Da ya rufe ya duba da na hagu, rubutun ya ɓace gaba ɗaya, sai takarda kawai. Ya kira ni ya ce, "Kin ga abin da ya sa kakanni suke miƙa wa jikoki kati su ce karanta mini? Ba karatu ne ba su iya ba. Mu ne muke ɓoye musu rubutun." Sannan ya ce, "Wanda ke da yana bai san yana da ita ba. Wanda aka kankare wa kuma ya manta. Ni kaɗai ne a unguwar nan nake da idon yaro da idon tsoho a kai ɗaya. Sai na koya wa manhajar nan yadda tsoho yake gani, sannan su kankare."

A nan aka yi rigimar da gidanmu bai taɓa ganin irinta ba. Likita ta riga ta yi gargaɗi cewa yanar hagu ta nuna sosai, idan aka bar ta za ta iya tayar da hawan jinin ido, kuma abin da wannan ya cinye ba ya dawowa. Yaya ya ce, "Baba, idan don tsofaffi ne, a buga musu baƙi a kan fari mana, a huta." Kawu ya ce, "Kai idan ka tsufa baƙi da fari kaɗai kake so a bar maka? Kuma farin takarda kashe wa mai yana ido yake yi. Ba ka sani ba, ni na sani." Yaya ya tashi ya fita don kada ya ɗaga wa mahaifinsa murya.

Umma ba ta fita ba. Ta ce, "Malam, ido fa ba hula ba ne da za ka koma ɗaki ka canja."

Ya ce, "Wata ɗaya kawai, Hajiya."

Ta ce, "Na san watanka. Shekara nawa ina zaune da kai."

Ta fi shi gaskiya a wannan. Watan ya wuce, wani ya bi bayansa. Kullum da hantsi, lokacin da haske ya fi daidaito a shago, zai zauna gaban allo. Zan fito masa da launi ɗaya, ya rufe dama ya duba da hagu, sannan ya rufe hagu ya buɗe dama, ya riƙa jan lambobi har sai launin ya koma daidai da abin da idon tsoho ya nuna masa. Sai ya ce, "Haka yake. Adana." Mu wuce na gaba. Na roƙe shi mu taƙaita, mu ɗauki kaɗan kwamfuta ta cike sauran. Ya ce kore kaɗai yana da 'yan'uwa fiye da zuriyar gidanmu, kuma ba zai yi wa ko ɗaya ƙarya ba. Ni ina jin tsoro, ina kuma jin alfahari, kuma ban san wanda ya fi yawa ba. Umma ta daina aiko masa da abinci shago. Ta ce wanda yake son ci ya dawo gida, inda babu kwamfuta.

Saura kaɗan mu gama ciwon ya zo. Yana zaune da rana tsaka ya dafe gefen kansa na hagu, idon ya yi ja, ya fara amai. Aka garzaya da shi asibiti, aka yi aikin gaggawa. An ceci ƙwayar idon, amma ganin ya tafi, sai ɗan haske da inuwa. Likita ba ta yi masa faɗa ba. Umma ce ta yi kuka a barandar asibiti, irin kukan da ban sake ganin ta yi ba sai ranar rasuwarsa.

Da ya dawo gida ya ce mata, "Hajiya, idon nan bai tafi a banza ba, yana nan cikin manhaja." Ta ce, "To ka ce wa manhajar ta riƙa raka ka masallaci." Daga ranar ba ta sake taka shagon ba, kuma ba a ambaton kwamfuta a gabanta. Ta ci gaba da kula da shi kamar da, tana ɗiga masa magani, tana tafiya ta gefensa na hagu don kada ya yi karo da wani abu. Amma wannan magana ɗaya ba ta yafe ba, kuma ba ta ɓoye ba.

Ya ƙarasa ɗan abin da ya rage da abin da muka riga muka tara. Ya ƙara wa manhajar maɓalli guda, ya rubuta a jikinsa da hannunsa, da yatsan nan ɗaya: Idon Hagu. Idan ka danna, sai ta nuna maka zanenka yadda mai yana zai gan shi, sannan ta ba ka launukan da za su fito masa ba tare da an kashe kyan zanen ba. Mai kemis ɗin layinmu ya canja takardun da yake liƙa wa magani. Wani ƙaramin asibiti ya sake allunan da ke nuna hanya. Amare suka fara zuwa suna cewa a yi musu kati wanda Hajiya Kaka za ta karanta da kanta. Tsohon shuɗin nan mai tsawa ma bai goge shi ba. Ya ajiye shi a gefe, ya ce na matan zumunta ne, kada kowa ya taɓa.

Ya rayu 'yan shekaru bayan haka da ido ɗaya, yana mayar da jikoki ɗaki su canja hula. Rashin lafiyar da ta ɗauke shi gajeriya ce. Ya cika da safe, Umma tana gefensa na hagu.

Ana cikin takaba na lura Umma ta daina buɗe ɗan littafin addu'o'in da take karantawa bayan asuba da la'asar. Takan riƙe shi a cinya kawai. Na tambaye ta, ta ce rubutun ne ya dushe, bugun zamani ba shi da kirki. Na karɓa na duba. Rubutun yana nan garau, kore mai haske a kan takarda ruwan madara, kanun kuma da ruwan zinare. Na dubi idanunta a hasken taga, na ga abin da na taɓa gani a idon Kawu. Yaya ya ce a tafi asibiti gobe. Ta ce ba inda za ta sai ta fita takaba, daga nan duk abin da likita ta ce za ta bi, ita ba irin wasu ba ce.

Na ɗauki littafin na tafi shago, karo na farko da na buɗe shagon tun rasuwar. Kujerarsa tana nan yadda ya bar ta. Na sake buga addu'o'in, na danna Idon Hagu. Koren nan ya narke cikin takarda a gabana, na ga abin da Umma take gani kowace asuba. Sai manhajar ta kawo nata: shuɗi mai duhu sosai don rubutu, takarda mai ɗan toka wadda ba ta kashe ido, kanun kuma ja mai duhu irin na tsohon jan baki. Na buga, na ɗinke, na kai mata.

Ta juya shi a hannu. Ta buɗe shafin farko ta matsar da shi nesa kamar yadda ta saba, sai kuma ta dawo da shi kusa, leɓɓanta suka fara motsi. Ta karanta shafin har ƙarshe, ta juya na biyu. Ba ta ɗago ba ta ce, "A shago kika yi wannan?"

Na ce, "Eh, Umma."

"Da abin nan nasa?"

"Da shi."

Ta daɗe tana shafa gefen takardar da yatsa. Can ta ce, "Ashe haka yake gani, duk lokacin nan da nake masa faɗa." Ta share ido da bakin mayafi, ta gyara zama ta fuskanci gabas. "Mai taurin kai. Matsa daga hasken, zan yi masa addu'a."

Na matsa. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka masa kabarinsa, ya mayar masa da idon da ya bar mana.